Wane Ne Baƙo A Ankara?

Ya ku iyayenmu da 'yan uwanmu na Salaga da Yendi da Bawku, da 'ya'yanmu waɗanda neman abinci ya kai su bakin teku.

Akwai wata kalma da ta daɗe tana bin mu kamar inuwa, har wasu sun saba da ita sun daina jin zafinta. Kalmar ita ce "baƙo". Da wuya a sami gida a zangonninmu na arewa da ba shi da ɗa ko jika a Ankara, wato birnin da ake rubutawa Accra, kuma kowa ya san yadda ake ɗaga gira idan yaro ya ce sunansa Ɗanlami ko Balarabe a gaban mai cika takarda. Sai a tambaye shi: to, amma asalinku daga ina? Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa hantsi ke busar da ita. Mu kuwa mun yi kimanin shekara 150 a wannan birni ba mu bushe ba. Saboda haka muke cewa kiran Bahaushen Ankara baƙo ƙarya ce a tarihi, ƙarya ce a doka, kuma an taɓa raba mutane da gidajensu da ita.

Bari mu fara da lissafi, tunda masu wannan magana suna son lissafi. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, kuma yankin Babbar Ankara yana da fiye da miliyan 5.4, har ya zarce yankin Asante ya zama na ɗaya a yawan jama'a. Su wane ne waɗannan miliyoyi? Ƙidayar 2010 ta nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen yankin Akan ne, Ewe kimanin kashi 20, su kuwa Ga da Dangme, masu ƙasar, ba su kai kashi 30 ba. Ma'anar wannan a fili take: mafi yawan mazauna Ankara daga wani wuri iyayensu ko kakanninsu suka zo. Batone da ya sauka tashar mota bara da akwati ɗaya, ba mai tambayarsa shaidar zama ɗan ƙasa. Bahaushen da aka haifi kakan kakansa a Zangon Malam, shi ake tsarewa da tambaya. Wannan wane irin awo ne, mudu biyu a kasuwa ɗaya?

Ankara tun fil azal garin haɗuwa ne. Ta taso ne a gindin ganuwoyin Turawa uku da ke bakin teku: ta mutanen Holan wadda yau ake kira Ussher, ta Ingilishi wato James, da ta mutanen Denmak a Osu. Su kansu mutanen Ga, masu daraja, tarihin bakinsu yana cewa kakanninsu daga gabas suka taso. A cikin tsofaffin unguwannin Ga Mashie akwai Otublohum, wadda tushenta ke haɗe da mutanen Akwamu, akwai kuma Alata a James Town, wadda ta faro daga mutanen da aka kawo daga gaɓar gabas don aikin ganuwar Ingilishi. A 1836 wasu 'yantattun bayi suka sauka daga Birazil, aka karɓe su, aka ba su wuri, su ne Tabom, kuma daga zuriyarsu ne zakaran dambe Azumah Nelson ya fito. Yau wa zai tsaya a James Town ya ce wa ɗan Alata ko ɗan Tabom baƙo? Hikimar magabatan Ga ita ce sun san yadda ake mayar da mai zuwa ya zama na gida. Da wannan hali ne ƙauyukan masunta suka zama birnin da Turawa suka mayar da hedikwatarsu cikinsa daga Cape Coast a 1877.

Mu kuma ta wace hanya muka shigo? Ta hanyar da ta fara daga ƙofar gidajenmu. Ɗaruruwan shekaru ayarin fatake na tasowa daga Kano da Katsina, su ratsa ta Yendi, su sauke kaya a Salaga, garin rijiya dubu, su sayi goron Asante su juya. Wannan ita ce hanyar Gwanja da kowane Bahaushe ya ji labarinta. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan hanyoyin arewa ya yi rauni, fatake suka fara gangarawa har teku. A wannan yaƙi ma akwai sojojin da Kyaftin Glover ya kawo daga Legas, waɗanda ake kira Hausawan Glover, wasunsu kuma a Ankara suka zauna bayan an gama. Sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, malamai da attajirai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da bakin teku. Babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka bar Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Har gobe akwai kasuwa a tsohuwar Ankara mai suna Kasuwar Salaga. Ba za mu yi wa tarihi kwalliya ba: sunan Salaga yana ɗauke da goro da shanu, yana kuma ɗauke da hawayen bayin da aka sayar a can. Amma ko da daɗinsa ko da ɗacinsa, sunan garinmu yana cikin taswirar birnin tun kafin a haifi duk mai tambayarmu asali.

A rabi na biyu na ƙarni na 19 Malam Na'ino, mutumin Katsina, ya sami wuri daga hannun sarakunan Ga ya kafa Zangon Malam. Ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya kafa Nima, a 1959 kuma aka kafa Madina. Ku dubi sunayen unguwanni: Tudu, Fadama, Sabon Zango. Da wane harshe aka raɗa su? Waɗannan wurare ba da takobi aka karɓe su ba. An je gaban masu ƙasa da ladabi, an roƙa, an bayar, an zauna lafiya, an yi auratayya.

Yanzu ku gwada waɗannan shekaru da shekarun ita kanta ƙasar. Arewacin Gana bai shiga ƙarƙashin mulkin Ingilishi a hukumance ba sai farkon 1902. Yendi, fadar Ya-Na, tana hannun Jamus har 1914, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1956 sannan ɓangarenta ya tabbata cikin ƙasar da za a haifa. Sunan Gana da tutarta sun zo ne ranar 6 ga Maris 1957. Ashe Zangon Malam ya girmi iyakokin da ake cewa mun tsallako. Wanda ya zo kafin a ja layi, ta yaya za a ce ya ƙetare layi?

Wanda bai gamsu da tarihi ba, ya tambayi cikinsa. Da asuba mutumin Ankara, ko wane yare yake ji, yana layi wajen mai koko da ƙosai, kuma kokon da sunan Hausa yake kiransa. Da hantsi yana neman waakye, wadda ba komai ba ce illa shinkafa da wakenmu. Da rana tuwon zafi, da dare tsire a bakin titi. 'Yan matan da ke dakon kaya a Makola ana kiransu kayayei: rabin kalmar "kaya" ce ta Hausa, rabi kuma kalmar Ga ce mai nufin mata. Kalma ɗaya, uwa daban uba daban, kamar birnin da ya haife ta. Taken rundunar sojan ƙasa tun zamanin Turawa da Hausa yake, Kullum Shiri. A fagen ƙwallo, Nima ce ta ba ƙasa Mohammed Polo jiya, ta ba ta Mohammed Kudus yau. Idan ɗan zango ya ci ƙwallo, duk ƙasa na ihu ɗanmu ne. Idan ƙaninsa ya je neman fasfo, sai a ce ya kawo shaidar kakansa. Haba jama'a!

A nan wajibi ne mu yi adalci, domin addininmu bai yarda mu nemi haƙƙinmu ta hanyar danne na wani ba. Mutanen Ga suna da kuka, kuma kukansu gaskiya ne. Sun zama 'yan tsiraru a ƙasar kakanninsu, gwamnati da masu kuɗi sun cinye filayensu, harshensu yana ja da baya a kasuwa da cikin mota. Mu da muka san ɗacin zama kaɗan a cikin da yawa, mu ne ya kamata mu fi kowa jin wannan kuka. Idan suka sa dokar hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, girmama ta ladabi ne na maƙwabtaka. Amma a lura da bambancin da masu son rikici suke ɓoyewa: mai ƙasa daban, ɗan ƙasa daban. Ƙasar Ankara ta sarakunan Ga ce, kamar yadda ƙasar Salaga take ƙarƙashin Kpembewura, ta Yendi kuma ƙarƙashin Ya-Na. Ba mu taɓa neman kujerar kowa ko buzun kowa ba, ba kuma za mu nema ba. Sarkin zango shugaban jama'arsa ne, ba ya raba ƙasa sai da izinin masu ita. Zama ɗan ƙasa kuwa ba sarki ke bayarwa ba. Kundin tsarin mulki na 1992 ya rataya shi ne a kan uwa ko uba ko kaka, bai ambaci ƙabila ba, kuma sashe na 17 ya haramta nuna bambanci saboda asali ko addini. Batone a Ankara ba mai ƙasa ba ne, amma ɗan ƙasa ne. Haka Ewe, haka Dagomba, haka Bahaushe.

Mai yiwuwa wani ya ce ai kalma ce kawai, me ya yi zafi? To ga abin da ya yi zafi. A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yanci, aka kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden zuwa Najeriya. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe maganar. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubun dubatar mutane suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma cikin waɗanda suka hau manyan motoci akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Tsofaffinmu da suka ga wannan rana suna nan da ransu, a tambaye su. A 1983 kuma Najeriya ta rama, ta koro 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Kalmar da ake faɗa da wasa a lokacin yalwa, ita ake zarewa kamar wuƙa ranar da tattalin arziki ya karye. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai kuma wata korar da ba a yi ta da mota, ana yin ta da alƙalami. Babban jadawalin ƙabilu na ƙidayar 2021 ya jera rukunai takwas: Akan, Mole-Dagbani, Ewe, Ga-Dangme, Gurma, Guan, Grusi da Mande. Duk wanda ya rage an zuba shi cikin kwandon "saura", wanda bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A cikin wannan kwando muke. Mai duba jadawalin daga nesa zai ɗauka Hausa ba ta da wani nauyi a Gana. Amma ya shiga Nima ko Madina ko Ashaiman ya kasa kunne. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne: akwai Dagomba da Mosi da Kotokoli da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa da Busanga. Da wane harshe Bazabarme ke ciniki da Kotokoli? Da wane harshe ake fassara huɗuba da wa'azi a yawancin masallatan zango? Jadawalin ya ƙirga jini, bai ƙirga harshe ba, alhali ƙarfin Hausa a Gana a harshe yake. Gidan rediyon ƙasa ya san haka, shi ya sa yake watsa shirye-shirye da Hausa tun zamanin Turawa. Amma a jerin harsunan da gwamnati ke ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu da buga littattafansu, akwai Dagbani da Gwanja da Kasem da Nzema, babu Hausa. Muna taya waɗannan harsuna murna, haƙƙinsu ne. Tambayarmu ita ce: harshen da ya isa a nemi ƙuri'a da shi, ya isa a yi shelar rigakafin cuta da shi, me ya hana shi isa allon makaranta?

A 2017 an kafa ma'aikatar raya zangonni da asusun raya zango, a 2021 aka rushe ma'aikatar, asusun ya rage. Kwalbati da fitilar titi da filin ƙwallo abubuwa ne masu amfani, ba mu raina ba. Sai dai kwalbati ba ya amsa tambayar "asalinku daga ina".

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu taimakon wannan ƙarya daga cikin gida, kuma dole a faɗa musu. Na farko shi ne uban da za a tambayi ɗansa garinsu a takarda, ya ce masa rubuta Kano ko Sakkwato, alhali shi da mahaifinsa da kakansa duk a Salaga aka binne cibiyarsu. Alfahari da tushe abu ne mai kyau, a koya wa yaro a zaure. Amma takardar gwamnati ba wurin kirari ba ce. Wanda ya rubuta da hannunsa cewa garinsu na wata ƙasa ne, ya ba mai neman korarsa sanda. Na biyu shi ne wanda zai yanka rago ranar suna, ya tara maroƙa, amma ya kasa zuwa karɓar takardar haihuwar jaririn, sai yaro ya shekara 18 a shiga neman mai rantsuwa. Na uku shi ne mai jin kunyar harshensa, wanda in mai ƙidaya ya zo sai ya laƙaba wa kansa wata ƙabila don a bar shi ya huta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na huɗu, kuma shi ya fi ban takaici, shi ne Bahaushen Ankara da ke kallon ɗan arewa sabon zuwa, ko yarinyar da ke barci a bakin rumfa bayan ta yini tana dako, da irin idon da ake kallonsa da shi a ofis. Wanda ke kukan an kira shi baƙo, bai dace ya sami wanda zai kira baƙo ba.

Mutanen Bawku ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan inda gardamar "wa ya riga zuwa" take kaiwa. Shekaru da dama ke nan rikicin sarauta yana cin rayuka a garin, dokar hana fita ta zama abokiyar zama, kasuwar da ke haɗa Gana da Burkina Faso da Togo ta yi rauni. Ba mu da ta cewa a kan wanda ke da gaskiya, wannan na masu shi ne da hukuma, namu addu'a. Mutanen Salaga da Yendi ma ba su manta da yaƙin 1994 ba, wanda ya kora jama'a da yawa kudu, wasunsu har Ankara. Abin da muke cewa shi ne birnin da ya tara fiye da mutum miliyan biyar a kewayensa ba zai iya ɗaukar irin wannan gardama ba. Abin da ya riƙe Ankara shi ne halinta na karɓa. An ga wannan hali a Ista ta 2019, lokacin da Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a tsakiyar Ankara a 1919, ya ziyarci cocin Christ the King yana cika shekara 100, Kiristoci suka tarbe shi da girmamawa, duniya ta yi ta mamaki. Ko akwai mai ƙarfin halin da zai dubi wannan dattijo ya tambaye shi asalinsu daga ina?

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Kowane jariri a yi masa takardar haihuwa kafin a yaye shi, limamai su riƙa tambayarta kamar yadda suke tambayar sunan da za a raɗa. Kowane baligi ya mallaki katin ɗan ƙasa, wanda aka hana shi ba bisa doka ba kada ya koma gida ya yi shiru, ya kai maganar fadar sarkin zango a bi masa ita a rubuce. Kowace fada ta buɗe littafin zuriya: wane ne ya zo, yaushe, wane sarki ya ba shi wuri, ina aka binne shi. Tsofaffin takardun ajami da na Larabci da ke cikin adakar kakanni a fito da su a ɗauki hotonsu kafin gara ta gama da su. Cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta tara irin waɗannan rubuce-rubuce tun shekarun 1960, daga garuruwanmu aka samo da yawansu, 'ya'yanmu masu karatu su je su gani. Sarakunan zango na arewa da na kudu su haɗa baki su kai buƙata ɗaya gaban ma'aikatar ilimi da majalisa, a sa Hausa cikin harsunan makaranta. Duk ɗan siyasar da ya zo da buhun shinkafa da sukari a watan azumi, a karɓi gaisuwarsa, sannan a tambaye shi matsayinsa a kan wannan buƙata, a gaban jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga 'ya'yanmu da ke Ankara kuma, ku koyi gaisuwa da harshen Ga, ku girmama masu ƙasa, ku kiyaye doka, ku riƙe sana'a. Idan aka tambaye ku garinku, ku ce Nima, ku ce Sabon Zango, ku ce Salaga ko Yendi ko Bawku, ku faɗa ba tare da sunkuyar da kai ba, domin gaskiya kuka faɗa.

Allah Ya zaunar da Gana lafiya, Ya kashe wutar Bawku, Ya jiƙan magabatanmu da suka sauke kaya a bakin teku suka kafa mana zango.